Zaka fara gini? Ga yadda zaka riƙa sanar da maƙwabta kafin aikinka ya takura musu

Tifa bata sallama. Direba zai iso ne lokacin da ya ga dama, galibi da sassafe tunda yana son ya yi sawu biyu ko uku kafin rana ta take, ya duba inda ya fi masa sauƙin ribas, ya ɗaga bodi ya zazzage yashi ya kama gabansa, kai kuma mai ginin kana can inda kake zaune kana sharar barcinka. Maƙwabci ya buɗe get zai kai yara makaranta sai ya tarar tulin yashi ya rufe rabin ƙofar, yara na cikin mota da yunifom, shi yana tsaye da makulli a hannu bai ma san wa zai kira ba. To daga wannan safiyar an fara ɓatawa, alhali ko gaisawa baku taɓa yi ba.

Gini dole ya takura wa mutane, wannan kowa ya sani, shi ma maƙwabcin naka lokacin da yake nasa ai ya takura wa wasu. Amma da an gaya masa tun jiya cewa yashi zai zo da safe, da tun dare ya fito da motarsa ya yi fakin gaba kaɗan, shikenan magana ta ƙare. Mutum yana iya tsara ranarsa a kan damuwar da ya san tana tafe. Don haka aikinka ɗaya ne tun daga haƙan fandisho har ranar da za a kwashe baraguzan ƙarshe: kar wani abu ya zo wa mutanen layin a bazata.

Zagayen farko ka yi shi kamar sati biyu kafin a sa diga a ƙasa, ba a fafe gora ranar tafiya. Kuma da kanka zaka je fa, kar ka tura foman ko ɗan kwangila, su in aiki ya ƙare tafiya zasu yi, kai ne zaka zauna da mutanen nan shekara da shekaru. Mutane da yawa suna tsayawa a gidan dama da na hagu su ce sun gama. Na bayanka fa, wanda katangarku ɗaya kuma ƙofarsa ma a wani layin take, shi ne zai fi kowa shan ƙura da ƙara, kuma shi aka fi mantawa da shi saboda ba a haɗuwa da shi a hanya. Sai na tsallaken titi da manyan motoci zasu riƙa juyawa a ƙofarsa, sai na bakin layi da tifa zata riƙa taka masa kwalbati kullum. In gidan haya ne ka ga masu hayan, su ne zasu ji ƙarar, sannan ka nemi lambar mai gidan don maganar katanga da iyaka tasa ce.

Abin da zaka faɗa ba shi da yawa: ranar da za a fara, ƙarfe nawa ma'aikata zasu riƙa kama aiki ƙarfe nawa zasu tashi, wace rana a sati ba a aiki, ginin ƙasa ne ko bene, ina za a riƙa zube kaya, sai lambar waya. Abin da zaka tambaya ya fi wannan muhimmanci, kuma gaskiya mutane basa yi. Tambayi ƙarfe nawa ake fita da mota da safe. Akwai mara lafiya a gidan, ko jariri, ko tsoho, ko mai asma? Akwai mai aikin dare da yake rama barci da rana? Akwai wani taro da suke shirin yi nan kusa da zai tara musu baƙi da motoci? Ta ina fayif ɗin ruwansu ya bi, ina sokawe ɗinsu yake, akwai wayar wuta da aka binne kusa da iyaka? Wannan tambayar ta ƙarshen kaɗai tana iya hana lebura ya fasa musu fayif da diga tun ranar farko, don tsofaffin mazauna layi sun san abin da ke ƙarƙashin ƙasa fiye da kowane zanen gini. Rubuta amsoshin a waya, don nan da wata biyu ba zaka tuna gidan wa ke da mai asma ba.

Maganar tsawon lokaci kuma, kar kunya ta sa ka ce "ai wata uku ne mun gama". Ɗan kwangila ya ce maka wata shida, to ka ce musu wata takwas zuwa tara, in kuma kuɗin a hankali yake zuwa ka faɗi gaskiya cewa aikin zai riƙa tsayawa yana tashi. Babu wanda zai ji haushi don ka gama da wuri, amma wata uku da ya zama shekara ɗaya da rabi yana sa mutane su daina yarda da duk wata rana da ka faɗa.

Kafin zagayen ma ka leƙa hukumar da ke ba da izinin gini a inda kake, ka ji ko akwai ƙa'idar awannin aiki da ta zube kaya a titi da ta sanar da maƙwabci, don wurare sun bambanta. Wasu ƙasashen ma doka ce a rubuce. A Ingila da Wales akwai dokar katangar tarayya ta 1996, wadda ta ce in zaka taɓa katangar da kuke tarayya sai ka ba maƙwabci sanarwa a rubuce wata biyu kafin aiki, in kuma haƙa zaka yi cikin tazarar mita 3 daga gininsa kuma ramin zai zarce zurfin fandishonsa, sanarwar wata ɗaya ce, shi kuma yana da kwana 14 ya amsa. Ko dokar wajenku bata ce komai ba, wannan ma'aunin na mita 3 abin koyi ne, don ba haka kawai suka zaɓe shi ba. Ƙasar da ke gefen fandisho ita ke taimaka masa riƙe nauyi, in ka kwashe ta ka bar rami a buɗe aka yi ruwan sama ya jiƙa gefen, ƙasar sai ta fara zamewa cikin ramin, katangar da ta yi shekara ashirin lafiya sai ka ga ta fara tsagewa ko ta karkata.

A nan ne nake ganin kowa ya kamata ya yi abin da mutane ke jin nauyin yi. Ka nemi izinin maƙwabcin ku zagaya tare, kai da shi da injiniyanka ko babban magininka, ku ɗauki hoton katangar ciki da waje, da bangon ɗakunan da ke kusa da iyaka, da duk wata tsaga da ke nan tun asali. Tsagar ka ɗora mata biro ko rula a gefe kafin ka ɗauka don a ga faɗinta, hoton tsaga ba tare da wani abu a kusa ba baya nuna komai, daga baya kowa zai ce ai da bata kai haka ba. Ka tura masa hotunan a ranar, shi yana da su kai kana da su, kwanan wata na jiki. Wani zai ce haba Alhaji sai kace bamu yarda da juna ba. Ce masa don amfaninsa ne, in aikina ya tsaga maka bango ga shaida a hannunka ba sai mun yi musu ba. Kuma gaskiya ne hakan, kamar yadda yake gaskiya cewa kai ma ya kare ka daga biyan kuɗin tsagar da ta girmi fulotinka.

To ta wace hanya zaka riƙa sanarwa bayan wannan? Guruf na WhatsApp yana aiki, amma ka tambayi mutum kafin ka jefa lambarsa ciki, ba kowa ke son duk layi su samu lambarsa ko ta matarsa ba, kuma guruf in ba a kula ba cikin sati biyu ya koma wajen tura bidiyo da gaisuwar safiya, sanarwar da ake buƙata ta nutse. Ni na fi son a saita shi yadda kai da foman kaɗai ke iya rubutu, mai ƙorafi ya kira kai tsaye. Akwai kuma dattijon da baya duba saƙo sam, shi sai an ƙwanƙwasa an ce Baba gobe fa za a yi kaza, ko a gaya wa ɗansa. Saƙon murya ma ya fi wa wasu sauƙi. Lambar da zaka bayar ta zama ɗaya ko biyu, taka da ta wanda yake wajen ginin kullum, kuma wanda zai ɗauka in an kira, wanda in ya ce wa direba matsa gaba zai matsa. Lambar da bata shiga gara ma babu.

Saƙon kansa ya ƙunshi rana, awa, abin da zai faru, da abin da kake so su yi. "Za a ɗan yi hayaniya kwanan nan, a yi haƙuri" bai gaya wa kowa komai ba. Ga irin wanda ke aiki:

"Barkanmu da yamma. Jibi Laraba za a kawo tsakuwa tifa uku, tsakanin ƙarfe 9 na safe zuwa 12. Zasu shigo ta bakin layi su juya a gaban gida na uku, kowace zata tare hanya kamar minti ashirin. Don Allah mai fita a wannan lokacin ya fitar da motarsa kafin 9. Mun ce musu kar su zo kafin yara su tafi makaranta. In an samu matsala a kira ni ko foman. Mun gode da haƙuri."

Ƙananan abubuwa sanarwar kwana ɗaya ko biyu ta isa. Manyan ranaku a ba su sati guda, sannan a tuna musu ana gobe. Kuma ba kowane motsi ake sanarwa ba, in kana turo saƙo kullum a kan buhun siminti goma mutane zasu daina karantawa, ranar da saƙon gaske ya zo ya wuce su.

Babbar rana a cikin manyan ita ce ranar zuba dekin, ita kam ka zauna ka yi musu bayani don wanda bai san gini ba zai ɗauka rashin mutunci ne kawai ya sa kuke aiki har ƙarfe goma na dare. Kankare in aka kwaɓa shi cikin 'yan awanni yake fara kamawa, in aka zuba rabi aka tafi aka dawo washegari, sabon ba zai haɗe da tsohon ya zama jiki ɗaya ba, wajen haɗin ya zama rauni kuma ta nan ruwa ke yoyo daga baya. Shi ya sa in an fara ba a tsayawa sai an kai inda injiniya ya ce. Ranar leburori zasu ninka, injin kwaɓa zai yi ta ruri tun safe, ga injin girgiza kankare, ga ihun masu miƙa kwanon sarki, in dare ya yi ga janareto da fitilu masu haske har cikin tagar mutane. Faɗa musu duk wannan yadda yake, ka ce muna sa ran gamawa ƙarfe shida amma zai iya kai goma. Mai jariri ko mara lafiya zai iya shirya ya wuni wani wajen, kuma in ka tambaye su tun da wuri wace rana ce tafi musu sauƙi cikin biyun da kake da su, ba ƙaramin daɗi zasu ji ba. Ka kuma ƙara da cewa bayan an zuba za a yi ta ba shi ruwa aƙalla kwana 7, ƙarfinsa kuma sai wajen kwana 28 yake cika, don haka zasu ga ruwa na gangarowa kullum, ka tabbata ka yi masa hanya zuwa kwata tun kafin ya sami hanyar gindin katangar wani.

Da zarar gini ya haura sama wata sabuwar magana ta taso wadda masu gini ke mantawa saboda su daga ƙasa suke kallo. Hau kan dekin ɗin da kanka ka juya ka duba. Zaka ga tsakar gidan maƙwabci tar, igiyar shanyarsu, ƙofar banɗakinsu, inda iyalinsa ke zama su sha iska. Abin da kake gani shi leburori goma sha zasu riƙa gani daga safe zuwa yamma. Sanar da gidajen kafin ranar da ma'aikata zasu fara hawa, ka ɗaura tamfol ko buhu a wannan gefen, ka ja wa ma'aikata kunne, tagogin da zasu kalli gidan mutane kuma a yi maganarsu tun a zane, don bayan an ɗora linta, wato kankaren da ake zubawa a saman taga da ƙofa, gyara ya yi tsada.

Ƙura ma ta cancanci saƙonta daban. Ranar sauke siminti, ranar fasa bango don wayarin da fayif, da kwanakin yankan tayil, ka gaya musu su rufe tagogin wannan gefen kar kuma a yi shanya, don farar riga in ta kwashi ƙurar siminti tana jiƙe sai an sake wanki, wani lokacin ma taurin baya fita. Ƙurar yankan tayil da bulo da kankare tana ɗauke da silika, wani sinadari da ke cikin yashi da dutse, wadda ke lalata huhun ma'aikacin da ya daɗe yana shaƙa, mai asma kuma ko kaɗan ya shaƙa ya isa ya tayar masa. Yanka da ruwa yana kashe mafi yawanta, tulin yashi a riƙa yayyafa masa ruwa ko a rufe in ana iska.

Ƙara kuwa, nisa yana aiki fiye da yadda ake zato. A fili, duk sanda ka ninka tazara tsakaninka da injin ƙarar na raguwa da kusan desibel 6 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin ƙara), kaga matsar da janareto ko injin yanka daga gindin katanga zuwa ɗaya gefen fulotin ba ƙaramin sauƙi bane ga mai barci a bayan katangar. Janareto ma ba don ƙara kaɗai ba, hayaƙinsa na da iskar da bata wari bata da launi kuma tana kisa a rufaffen ɗaki, ana so ya yi nesa da kowace taga ko ƙofa da aƙalla mita 6, salansa na kallon wani wajen. In za a haƙa rijiyar burtsatse wannan ma babbar rana ce, ƙara kamar me ga taɓo da zai malalo titi, a ba su sati. In haɗa ruwa ko wuta zai sa a ɗauke wa layi na wasu awanni, a faɗa ana gobe don su tara ruwa su yi cajin waya.

Sai abin da ya fi komai saurin zubar da mutunci: ranar da ka faɗa ta canza ka yi shiru. Mutum ya fitar da mota tun asuba, ya kwashe shanya, ya kai jariri gidan 'yan uwa, tifa bata zo ba, kai kuma ko uffan. Jibi ta zo ba sanarwa. Layi ɗaya ya isa: "An ɗaga zuwa Asabar, direba ya samu matsala, a yi haƙuri." Haka in kuɗi ya yanke aiki zai tsaya wata biyu, ba sai ka faɗi dalili ba amma ka faɗa zai tsaya, sannan kafin ma'aikata su watse a janye yashi daga titi, a rufe ramuka, a zubar da ruwan da ya kwanta a durom da ramin sokawe, don sauro cikin kwana 7 zuwa 10 yake tashi daga ƙwai in ana zafi, kuma gidan maƙwabta zai nufa tunda naka ba kowa.

Ma'aikata su ma labari ne da maƙwabta ke da haƙƙin sani. Wa zai riƙa kwana a wajen, maigadi ne ko wasu cikin leburori? Kai shi ka nuna musu shi su san fuskarsa, kar a ga baƙo na zagaye da tocila tsakar dare a ɗauka ɓarawo ne. Tanadi banɗaki tun ranar farko, in ba haka ba bayan katangar wani zai zama banɗakin, kuma wannan ƙorafin mutane na jin kunyar kawo shi, sai dai su ƙulle ka a rai. Ruwa da wuta kuma kar ka bari ma'aikata su riƙa ƙwanƙwasa gidaje suna roƙo, in zaka ja daga wajen maƙwabci kai da shi ku yi magana ku yanke yadda zaka biya. Iyayen yara ka gaya musu ƙarara ranar da za a buɗe rami mai zurfi ko a cika tankin ƙasa da ruwa, tulin yashi yana jan yara daga ko'ina, ga rodi a tsaye ga ƙusa a jikin katako, ga hasken walda da suke tsayawa kallo yana ƙona musu ido. Shinge ko da na kwano ne a kewaye, amma duk da shingen a faɗa.

In ɓarna ta faru, kuma sai ta faru, tifa ta karya murfin kwata ko bulo ya faɗo ya huda rufin kicin ɗin wani ko siminti ya fantsama a jikin mota, kai ka fara kira kafin shi ya gani. "Malam, yaranmu sun yi maka ɓarna, ga hoton, gobe kafinta zai zo ya gyara, ko in kana da naka ka kira shi ni zan biya." Wanda ya dawo daga aiki ya tarar da ɓarna kowa ya yi tsit kamar ba a san wanda ya yi ba, ba kuɗin gyaran ke cin ransa ba a lokacin. Siminti a jikin mota ko gilashi kuma a wanke nan take da ruwa mai yawa tun yana ɗanye, in ya bushe sai ya ci fenti.

Ƙorafi in ya zo ka saurara har ya gama, ko da kana ganin ya zuzuta. Abin da zaka iya gyarawa ka faɗi ranar da zaka gyara, wanda ba zaka iya ba ka ce ba zai yiwu ba ga dalili ga ranar da zai ƙare, kar ka ce "za a duba" don ka rabu da shi. Akwai dai wanda ko me ka yi ba zai gamsu ba, kusan kowane layi akwai irinsa, shi kar ka biye masa a tsakiyar titi gaban leburori, ka ci gaba da tura masa sanarwa kamar kowa, ka ajiye saƙonnin da hotunan, in abin ya ƙi ku nemi wani babba da ku biyun kuke ganin girmansa ko hukumar da ta baka izini.

Da aiki ya zo ƙarshe ka sanar da ranar kwashe baraguzai don ita ma tifa ce da ƙura, a share titi, a buɗe kwatar da yashi ya toshe, a bi gefen katangar maƙwabta da maganaɗisu ko tsintsiya a tsince ƙusoshi kafin su shiga tayar wani. Sannan ka ɗauko hotunan nan na farko ku sake zagayawa da maƙwabcin ku gwada tsaga da tsaga, abin da ya ƙaru a gyara tun magini bai kwashe kayansa ya koma wani aikin ba.